Laburaren Maƙera: Yadda Ake Nemo Takardun Ƙirƙira, a Tsara Su, a Raba Su a Ƙasar Gumel

Mai waldar da ke ƙera injin gyaran riɗi a Gumel ko Maigatari, da wuya ka ji ya ce ga takardar da ya duba. Ko dai ya gani a wajen wani ya kwaikwaya, ko an kawo masa na Indiya ko na Sin da ya lalace, ya kwance shi, ya auna, ya ƙera irinsa. Wannan hanya ta ciyar da gidaje da yawa, ba abin rainawa ba ce. Sai dai akwai tsada a cikinta. Ƙarfe nawa ake yankawa a zubar kafin a gano abin da ke toshe rariya, ko abin da ya sa iskar fanka ke kwashe ƙwaya tare da ƙaiƙayi? Alhali wani ya taɓa cin karo da wannan matsala shekaru talatin ko hamsin da suka wuce, ya warware ta, ya zana, ya rubuta bayani dalla-dalla, hukuma kuma ta wallafa domin kowa ya karanta ba tare da biyan ko sisi ba.

Waɗannan su ne takardun haƙƙin ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: a ba shi ikon hana kowa ƙera abin da ya ƙirƙira har wani wa'adi, shi kuma ya fallasa sirrin aikinsa a rubuce yadda duk gwani a sana'ar zai iya bi ya ƙera. Tun dokar birnin Benis ta 1474 ake wannan ciniki, har takardun suka haura miliyan 100 a rumbun Espacenet kaɗai. Mutanenmu sun fi jin labarin ɓangaren farko, wato yin rajista da karɓar shaida. Ni ina ganin a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ɓangare na biyu ya fi amfani nesa ba kusa ba. Inda ake noman riɗi, zoɓo, gero, wake da gyaɗa, ake hada-hadar dabbobi kowace Alhamis a kasuwar Maigatari, masu buƙatar karanta aikin wasu sun ninka masu buƙatar yi wa nasu rajista sau da yawa.

Abin da doka ta tanada

Dokar Nijeriya kan haƙƙin ƙirƙira da zane-zane ta 1970 ce, kuma ita ake aiki da ita. Ta gindaya sharuɗɗa uku: abu ya zama sabo, ya ƙunshi dabarar da ba kowane gwani zai hango ta kai tsaye ba, sannan ya zama ana iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta ko a gona. Wa'adin shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takardar nema, da sharaɗin biyan kuɗi kowace shekara. Wanda ya yi sakaci ana ɗaga masa ƙafa wata shida da tara, in bai biya ba haƙƙin ya faɗi. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari.

Abu biyu za ka riƙe. Na farko, haƙƙin ƙirƙira ba ya tsallake iyakar ƙasa. Wanda aka bayar a Sin ko Amurka ba ya ɗaure kowa a Gagarawa sai in mai shi ya zo ya yi rajista a Nijeriya ma. Na biyu, magatakardan Abuja yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya bincika ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana bayar da shaidar ne bisa kasadar mai nema, kuma Babbar Kotun Tarayya na iya soke ta in aka nuna an riga shi. Ke nan nauyin bincike yana wuyanka, ko kai mai kwaikwayo ne ko mai ƙirƙira.

Karanta takarda ko da ba ka jin harshenta

Kafin a fara nema sai an iya karatu. Shafin farko na kowace takarda, ta kowace ƙasa, yana ɗauke da wasu ƙananan lambobi a cikin baka, waɗanda ma'anarsu ɗaya ce ko'ina a duniya. (11) lambar takardar ce, (22) ranar da aka shigar da nema, (30) ranar da aka fara shigarwa a wata ƙasa, (51) lambar rukuni, (54) sunan abin da aka ƙirƙira, (57) tsakure, (71) mai nema, (72) wanda ya ƙirƙira, (73) mai haƙƙi. Wanda ya haddace waɗannan tara zai iya ɗaukar takardar Sinanci ko ta Rashanci ya faɗi shekarunta da mai ita da fanninta, alhali bai karanta harafi ɗaya na harshen ba.

Haruffa biyu na gaban lamba su ne ƙasa: NG Nijeriya, CN Sin, IN Indiya, US Amurka, EP ofishin Turai, OA ƙungiyar OAPI da Nijar ke ciki, WO kuma nema ne na ƙasa da ƙasa. Harafin bayan lamba yana nuna matsayi. A yawancin ƙasashe A nema ne kawai da aka wallafa, galibi bayan wata 18, ba a kai ga amincewa ba. B shi ne wanda aka amince da shi. U a takardun Sin ƙaramin haƙƙi ne na shekara 10, kuma irinsa za ka fi gani a kan ƙananan injinan gona. Mutane da yawa kan ga A su tsorata, su ɗauka an kulle hanya, alhali wataƙila an ƙi neman ko mai shi ya watsar.

Daga nan sai jikin takarda. Akwai shimfiɗa, inda mai ƙirƙira ke bayyana aibin injinan da suka gabace shi. Kada ka tsallake wannan wuri, domin a nan za ka ga matsalarka an rubuta ta da bakin wani. Sai zane, kowane ƙarfe da lambarsa, da bayanin da ke bin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshe sai iƙirari, jerin jimloli masu lamba, kuma su kaɗai ne doka ta kare. Iƙirari kamar iyakar gona yake: mai gona na iya ba ka labarin dajin gaba ɗaya, amma abin da ke tsakanin turakunsa ne kawai nasa. Ka karanta iƙirari na 1 a tsanake, ka lissafa sassan da ya ambata. A ƙa'ida, sai injinka ya ƙunshi dukkansu ne za a ce ka shiga gonarsa.

Ga takarda ta gaske da za a fara gwaji da ita a aji: US 5,800,819, wadda aka bayar a 1998 ga Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, a kan maganin sikila da aka sani da Niprisan. Daga tsirrai huɗu aka haɗa shi, ciki har da kanumfari da wani nau'in dawa. Ɗalibi ya ga sunayen 'yan Nijeriya a gurbin waɗanda suka ƙirƙira, ya ga tsirran da ya sani a kasuwa, sai tsoron takardar ya fita daga ransa.

Nema: a fara da matsala, a ƙare da lamba

Rumbunan kyauta huɗu sun ishi kowa: Espacenet na ofishin Turai, wanda aka buɗe a 1998, PATENTSCOPE na hukumar WIPO da ke Janeba, wanda ake iya juya fuskarsa zuwa Larabci ko Faransanci, Google Patents, wanda ya fi sauƙi a waya, da Lens. Ba a biyan kuɗi, data kawai za ka ƙona.

Kafin ka taɓa kwamfuta, zauna da mai sana'ar ka sa ya faɗi damuwarsa a jimla ɗaya. "Ina son injin riɗi" ba tambaya ba ce. "Tsakuwa mai girman ƙwayar riɗi tana wucewa ta rariya" ita ce tambaya. Daga jimlar za ka ciro abu uku: amfanin gonar, aikin da ake so a yi masa, da hanyar yin aikin, ko iska ce, ko girgiza, ko ruwa. Kowanne sai ka nemo masa duk sunayen da ake kiransa. Riɗi a takardun Turanci yana zuwa da "sesame", "sesamum", "benniseed" ko "gingelly". Zoɓo kuma "roselle" ne a wani wuri, "hibiscus sabdariffa" a wani, a Meziko da ke sayen namu "jamaica". Ana haɗa sunayen abu ɗaya da OR, a haɗa abubuwa daban-daban da AND. Alamar tauraro a ƙarshen guntun kalma tana kamo duk rassanta, misali dehull*.

Amma kalma ba ta da amana a wannan aiki. Lauyoyin da ke rubuta takardun da gangan suke faɗaɗa magana, su kira rariya "abin rarrabewa mai huji", su kira riɗi "ƙananan ƙwayoyi masu mai". Fassarar na'ura daga Sinanci ko Japananci kuma takan sauya suna. Shi ya sa amfanin kalma ɗaya ne: ta kai ka ga takardu biyar ko goma da suka dace, ka duba lambar da ke gaban (51) a kowacce, ka ga wadda ta fi maimaituwa. Da ka same ta, ka samu bakin zaren.

Wannan lamba ta tsarin rukuni ce na duniya, IPC, wanda yarjejeniyar Sitirasbog ta 1971 ta kafa. Ya kasa dukkan fasaha gida takwas, daga A zuwa H. A buƙatun ɗan'adam ne, har da noma, abinci da magani. B sarrafa kaya da sufuri, C haɗa sinadarai da ƙarafa, D saƙa da takarda, E gine-gine da haƙa, F injina da zafi da sanyi, G awo da lissafi, H lantarki. Kowane gida ya rarrabu har ƙananan rukunai suka haura 70,000. Akwai kuma CPC, wanda Turai da Amurka suka fara aiki da shi a 2013, a kan tushen IPC aka gina shi amma ya fi shi tsattsefewa.

Ba sai ka san dukkansu ba. Waɗanda suka shafi ƙasar Gumel ba su fi a rubuta a allo ɗaya a rataye a bango ba. A01C shuka, A01D girbi, A01F sussuka da ajiyar amfanin gona, A01G 25 ban ruwa, A01K kiwo, A01J nono da man shanu. B07B tankaɗe da sheƙa, wato raba ƙwaya da datti ta rariya ko ta iska. B02B surfe da cire ɓawon hatsi, A23N 5 ɓarar gyaɗa da danginta. C11B 1 fitar da mai daga ƙwaya, B30B 9 injin matsa. F26B busarwa, wanda masu zoɓo da tattasai za su so. F04B famfo, H02S faifan sola, C14C jima, B60P 3/04 motar ɗaukar dabbobi.

To sai ka haɗa lamba da kalma guda. A PATENTSCOPE ka rubuta IC:B07B AND EN_AB:sesame. A Espacenet kuma ipc=B07B AND ta=sesame. In sakamakon ya yi yawa, ƙara sharaɗi. In ya yi kaɗan, cire kalmar riɗin baki ɗaya ka bar lambar, domin injin da aka ƙera don wata ƙaramar ƙwaya yakan yi wa riɗi aiki da ɗan gyara. Kada ka tsaya karanta kowace takarda. Zane za ka riƙa bi da ido, kuma a nan ne zaman mai walda kusa da kai yake da rana: cikin daƙiƙa kaɗan zai ce wannan ba zai yi ba, wancan tsaya mu gani.

Da ka samu guda mai kyau, kada ka tashi. Duba takardun da ta ambata, waɗanda ke ƙarƙashin (56), su ne magabatanta. Duba kuma waɗanda suka ambace ta daga baya, su ne suka gyara kurakuranta. Sannan ka buɗe danginta, wato takardun da aka shigar a wasu ƙasashe kan ƙirƙira ɗaya. Sau da yawa ta Jamusanci tana da 'yar'uwa ta Turanci ko ta Faransanci. Ka daina nema ne idan ka ga duk hanyar da ka bi takardu iri ɗaya suke dawo maka.

Shawarata ita ce a fi ba tsofaffi muhimmanci. Injin 1950 ko 1975 an ƙera shi ne da bel, da fule, da ƙarfen da ake lanƙwasawa a yi masa walda, abin da ke hannun maƙeranmu ke nan. Na bana cike yake da na'urorin lantarki da ba a samun kayan gyaransu a Gumel. Ga shi kuma wa'adin tsohon ya ƙare, babu mai tuhumarka.

Hattara biyu. Zanen takarda ba awo ba ne, da wuya a faɗi tsawo ko kauri, kuma akwai dubban ƙirƙire-ƙirƙire da ba a taɓa ƙera su ba. Dabara za ka ɗauka, awo kuwa sai ka gwada. Sannan samun takardar haƙƙi ba shaida ba ce cewa magani yana warkarwa ko sinadari ba ya cutarwa. Wannan aikin NAFDAC ne. Kada wani ya ga haɗi a takarda ya dama ya ba mutum ko dabba.

Shin an yarda in ƙera?

Duba shekaru tukuna. In an shigar da nema fiye da shekara 20 da suka wuce, injin ya zama na kowa. In bai kai ba, tambaya ita ce ko an yi masa rajista a ƙasar da za ka ƙera ko ka sayar. Mai nema yana da wata 12 daga ranar farko ya shigar a wasu ƙasashe, bisa yarjejeniyar Faris ta 1883. In ya bi ta yarjejeniyar PCT ta nema na ƙasa da ƙasa mai haruffan WO, wadda Nijeriya ta shiga a 2005, yana da wata 30. Saboda haka takardar WO da ba ta kai shekara biyu da rabi ba, ka ɗauka tana iya sauka a Abuja kowane lokaci. Kuma rashin ganin NG a jerin dangi ba hujja ba ce. Wanda zai zuba jari mai nauyi, ya ƙera da yawa don sayarwa, ya sa lauya ko wakili ya duba masa rajistar Abuja kanta.

Mutanen Maigatari suna da ƙarin aiki guda. Taku kaɗan daga kasuwa an shiga Jihar Damagaram, kuma dokar can daban ce. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 da ke da hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta tsara, inda rajista ɗaya ke aiki a dukkan ƙasashen. Nijeriya ba ta ciki. Injin da ka ƙera a Gumel babu laifi yana iya zama abin ƙara in ka kai shi Magarya ko Dungas. Mai niyyar tsallake iyaka da kayansa ya nemi haruffan OA a jerin dangi.

Aikin ma'aikacin laburare

Ba sabon abu ba ne laburare ya ɗauki wannan nauyi. Tun 1871 Amurka ta fara aika kofen takardun ƙirƙira zuwa wasu ɗakunan karatu, a Turai akwai cibiyoyin PATLIB sama da 300, WIPO kuma tun 2009 take taimaka wa ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya, su buɗe cibiyoyin da ake kira TISC. A gida akwai hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, ta kuma buɗe ofisoshin haƙƙin fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama. Amma mai walda a Sule Tankarkar ba zai rufe shago ya tafi Abuja neman zanen rariya ba. Laburaren Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko na wata makarantar fasaha, ko ma shagon kwamfuta mai sola, shi ne zai iya wannan. Abin da ake buƙata kwamfuta ɗaya, firinta, filash biyu, da mutum ɗaya mai haƙuri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauke takardu ɗari a jibge su a folda ɗaya da sunayen da na'ura ta ba su. Bayan wata biyu ko wanda ya sauke ba zai gane su ba. A buɗe folda ga kowace lambar rukuni, a rubuta sunanta da lamba da Hausa tare, misali "B07B tankaɗe da sheƙa". Kowace takarda a sa mata suna da ƙasa, lamba, shekara da gajeren bayani.

Sannan a buɗe rajista a Excel ko LibreOffice, layi ɗaya ga kowace ƙirƙira, ba kowace takarda ba, domin kada dangi ɗaya su cika jadawali. A rubuta lamba, ranar farko, rukuni, mai haƙƙi, amfanin gonar da ta shafa, da matsayinta: wa'adi ya ƙare, ko da saura, ko ba a tabbatar ba, tare da ranar da aka duba, domin matsayi yana sauyawa. A ƙara gurbi biyu da babu su a kowane rumbu na duniya, kuma su ne darajar naka. Na farko bayani da Hausa, jimla biyu ko uku. Na biyu hukuncin mai sana'a: an gwada, ya yi, bai yi ba, ko ga abin da aka sauya. Wanda ya ƙera ya ga bel yana zamewa saboda ƙurar hunturu, in aka rubuta, an hutar da na bayansa. Laburaren da ke aiki da manhajar Koha zai iya shigar da su kundinsa, manhajar Zotero ma kyauta ce kuma tana da gurbi na musamman don takardun ƙirƙira. Amma jadawalin da ake cikawa kullum ya fi babbar manhajar da aka watsar.

A ajiye littafin bincike kuma: ranar da aka nema, rumbun da aka shiga, ainihin kalmomi da lambobin da aka rubuta. Baɗi wani zai zo da irin tambayar, sai a ɗora daga inda aka tsaya. Kofe biyu a wurare biyu, ɗaya ba a cikin ginin ba. Zafi, ƙura da wutar da ke zuwa da ƙarfi ba sa barin kwamfuta ta tsufa.

Wajen rabawa, a bi mutane inda suke. Takarda mai shafi talatin da Turancin lauyoyi ba za ta amfani mai walda ba. A yi masa shafi ɗaya: babban zane, sunayen sassa da Hausa kusa da lambobinsu, yadda yake aiki a taƙaice, lambar takardar asali a ƙasa don mai son ƙari. Wanda ya fi sakewa da ajami a rubuta masa da ajami. A tura ta WhatsApp ga ƙungiyar masu walda, a haɗa da saƙon murya, domin da yawa sun fi sauraro. A ware rana ɗaya a wata, ba ranar kasuwa ba, a zauna da masu sana'a a kan matsala guda. Matan da ke matsar man gyaɗa da na riɗi a cikin gida su ne suka fi kowa sanin inda injin yake gazawa, kuma ba za su zo zaman maza ba. A samu malama ko ɗaliba ta kai musu shafin, ta dawo da abin da suka ce, a shigar a rajista.

Ilimin da ke gida tun fil azal

Akwai wani aikin da ba mai yi mana sai mu. Mai binciken takardu a Turai ko Amurka abin da ke rubuce kawai yake gani. A 1995 Amurka ta ba da haƙƙi kan warkar da rauni da kurkum, sai da hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce kafin a soke shi a 1997. Ofishin Turai ma ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka haƙƙi kan maganin cutar shuka daga man darbejiya a 1994, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Darbejiyar nan dai da ke kowace ƙofar gida daga Gumel har Maigatari. Daga nan ne Indiya ta kafa rumbun ilimin gargajiya a 2001, ta tsara shi yadda masu binciken ofisoshin duniya za su iya dubawa. A watan Mayun 2024 kuma ƙasashen WIPO suka amince da yarjejeniyar da ta ce mai nema ya bayyana asalin tsiro da ilimin gargajiyar da ya dogara a kansu.

Mu ma muna da misali a Jigawa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka: tukwanen ƙasa biyu, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen ƙyalle, tumatir da tattasai su yi makonni ba su lalace ba. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Sanyaya abu ta hanyar bushewar ruwa tsohon sani ne, duk mai randa ya san shi, kuma yana da gurbinsa a tsarin rukuni, F25D 7/00. Wanda ya buɗe wannan lamba zai ga yadda wasu suka bi da dabarar, ya ga abin da zai ƙara wa ta gida. Zai kuma gane cewa aikin Bah Abba ya tsira daga mantuwa ne domin an rubuta shi da suna da shekara.

Saboda haka laburare ya buɗe folda ta musamman ga abin da kowa ya riga ya sani a yankin: yadda ake ajiye wake, yadda ake jima da bagaruwa, garmar shanu da gyare-gyaren da maƙera suka yi mata. A ɗauki hoto, a rubuta bayani, a sa rana da wuri, a buga a ajiye inda jama'a za su iya gani. Amma a rarrabe. Abin da ke sirri ne na wani gida, kamar haɗin mai maganin gargajiya, ba a rubuta shi sai da yardar masu shi, bayan an fahimtar da su cewa abin da aka wallafa ya fita daga hannunsu ke nan har abada.

In kai ne ka ƙirƙiro

Wani zai zo ba don kwaikwayo ba, sai don yana ganin ya gano abin da ba a taɓa yi ba. Abu na farko da za a gaya masa: Malam, kada ka nuna tukuna. A dokar 1970, abin da aka riga aka bayyana wa jama'a a ko'ina, a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi, ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya bayyana. Bidiyo ɗaya a Facebook ko TikTok, ko gwaji a bainar jama'a ranar kasuwa, ya isa. Togaciyar da aka yi ƙarama ce, ta baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin wata shida kafin shigar da nema. Haƙƙin kuma na wanda ya fara shigarwa ne. Ma'aikacin laburare ma amana ce a wuyansa: binciken da za a yi masa don a ga ko an riga shi ba ya shiga littafin da kowa ke gani, ba a kuma yin sa ana leƙe.

Binciken nan ya fi na farko tsanani, domin takarda ɗaya tak, ta kowace ƙasa, ta kowace shekara, ko wa'adinta ya ƙare, tana iya rushe iƙirarin sabunta. A duba har da mujallu, da kundayen ɗalibai na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, da kasidun kamfanoni. Sau da yawa za a tarar an riga shi. A faɗa masa gaskiya cikin mutunci, a nuna masa takardar, a zauna tare a ga ko akwai ɗan sashen da ya bambanta, domin gyaran abin da ake da shi ma doka ta yarda a yi masa rajista in sabo ne. In irin shuka ya samar, ba wannan doka ba ce tasa, akwai dokar kare nau'in iri ta 2021. In suna ko tambari yake son karewa, rajistar alamar kasuwanci zai nema.

In kuwa bincike ya nuna hanya a buɗe take, ya haɗa bayanin ƙirƙirarsa, da zane mai lambobi, da takardu uku ko biyar mafi kusa da nasa, kowacce da jimlar da ke nuna inda suka rabu, da kofen littafin binciken. Da waɗannan zai tunkari NOTAP, wadda ke taimaka wa 'yan ƙasa shigar da nema, ko ofishin haƙƙin fasaha na jami'ar da ta fi kusa da shi, ko lauyan da ya san fannin. Ya kuma lissafa tun yanzu ko cinikin da yake hange zai ɗauki kuɗin sabuntawa na kowace shekara.